Ƙarin albashi ko ƙarin hutu? Tambayoyi da amsoshi ga ma'aikatan Garwa, Marwa da Ngaundere

Maganar nan takan taso ne ta hanya biyu. Ko dai a kira mutum sabon aiki mai tsoka wanda babu Asabar babu Lahadi, ko kuma maigidansa na yanzu ya ce masa, "Zaɓi ɗaya, in ƙara maka kuɗi ko in ƙara maka kwanaki." Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin ma'aikata a nan arewacin Kamaru. Dokokin da aka ambata na Kamaru ne, sai inda aka ce Cadi. Adadin albashin da ke cikin lissafi kuwa misali ne kawai, kowa ya sa nasa.

A taƙaice, Malam, wanne ya fi?

In albashinka ba ya kai ka ƙarshen wata, ɗauki kuɗin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wanda mai gidan haya ke jira a ƙofa ba ya jin daɗin hutu ko an ba shi wata guda.

In kuwa cefane, haya da kuɗin makaranta suna fita ba tare da ka ci bashi ba, ni dai ina bayan lokaci. Amma da sharaɗi: lokacin da kai ne za ka zaɓi ranarsa. Kwana 10 da za ka ɗauka a makon shuka ko ranar da aka kwantar da mahaifiyarka a asibiti sun fi kwana 30 da maigida zai jefo maka a watan da kasuwarsa ta mutu. Mutane na yawan tsayawa kan yawan kwanaki, su manta da tambayar wa ke riƙe da su.

Kafin a fara ciniki, kwana nawa doka ta riga ta ba ni?

Dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992 ta ba ma'aikaci kwana ɗaya da rabi na hutu da albashi a kan kowane wata da ya yi aiki. A shekara ke nan kwana 18 na aiki, wato mako 3, don ana ƙirga Asabar a ciki. Sai ka cika shekara guda kafin ka ɗauka. Duk shekara 5 da ka yi a wuri ɗaya ana ƙara maka kwana 2, ka ga mai shekara 10 yana da 22. Matashin da bai kai shekara 18 ba yana da kwana biyu da rabi a wata. Wasu yarjejeniyoyin sana'a na ba da fiye da wannan, amma babu wadda aka yarda ta ba da ƙasa da shi. Cikakken ma'aikacin gwamnati tsarinsa daban ne, kwana 30 a jere.

Ban da wannan akwai hutun mako, aƙalla awa 24 a jere, yawanci Lahadi. Akwai kuma ranakun ƙasa da na addini: 1 ga Janairu, 11 ga Fabrairu, 1 ga Mayu, 20 ga Mayu, Ƙaramar Salla da Babbar Salla, da bukukuwan Kirista irin su 15 ga Agusta da 25 ga Disamba.

Duk wannan naka ne tun kafin ka buɗe baki. Don haka in wani ya ce zai yi maka alheri ya ba ka konje, wato hutun shekara, na mako 3 maimakon ƙarin albashi, bai ba ka komai ba. Ciniki yana farawa ne daga kwana na 19.

In na ce a bar hutun a ba ni kuɗinsa fa?

Doka ba ta yarda a musanya hutun shekara da kuɗi ba, sai fa in aikin ya ƙare kana bin wasu kwanaki, to nan ne ake biyan ka. Kowa ya san ana yin wannan cinikin a ɓoye, kuma ma'aikacin ne yakan nema, musamman gab da komawa makaranta a Satumba. Amma ka sani cewa ko ka tafi hutu kuɗinka na nan, ana biyan ka. Abin da ka sayar kwanakin jikinka ne, kuma galibi da araha.

An ba ni aiki biyu a Garwa: ɗaya 150,000 daga Litinin zuwa Juma'a, ɗaya 200,000 amma kwana 6, daga safe har magariba. Ba na biyun ne ya fi ba?

Ɗauko biro mu gani. Makon aiki a doka awa 40 ne, in ban da harkar noma. Awa 40 a mako na ba da kusan awa 173 a wata. Raba 150,000 da 173, kowace awa ta tashi wajen sefa 865.

Aiki na biyu, a ce awa 10 a rana sau 6, awa 60 ke nan a mako, 260 a wata. Raba 200,000 da 260, ka sami wajen sefa 770. Albashin ya fi girma, amma awarka ta fi araha da kusan sefa 100.

Bai tsaya nan ba. Duk awar da ta haura 40 tana da farashinta a ƙa'idar da aka fitar a Disamba 1995: awa 8 na farko ana ɗora musu kashi 20 cikin ɗari, 8 na biye kashi 30, na bayansu kashi 40. Aikin Lahadi kashi 40, na dare kashi 50. Da a ce mai aikin farko ne ya riƙe ka awa 20 a mako bayan tashi, ya kuma biya yadda ya kamata, da 96,000 zai ɗora maka a wata. Wato aikin awa 60 ɗin nan farashinsa 246,000 ne, ba 200,000 ba. Wancan ƙarin na 50,000 da ya cika maka ido, rabin kuɗin lokacinka ne da 'yan kai.

Wannan ba ya nufin ka ƙi aikin. In kana buƙatar 50,000 ɗin yanzu-yanzu, kuma ba ka da abin da za ka yi da Asabar ɗinka wanda zai kawo ko 10,000, to 770 a hannu sun fi 865 da babu mai saye. Abin da lissafin ke ba ka shi ne bakin magana. Wanda ya zauna gaban mai ɗaukar aiki ya ce, "Na ƙirga, awa 260 ne a wata," ba a yi masa irin kallon da ake yi wa wanda ya ji adadi ya fara godiya.

Ƙarin 50,000 ɗin zai shigo hannuna duka?

A'a. Buɗe takardar albashinka ka bi layukan dama. Za ka ga kashi 4.2 na fansho da CNPS, wato asusun fansho da walwalar ma'aikata na ƙasa, ke cira, 2,100 ke nan daga cikin ƙarin. Ƙarƙashinsa kashi 1 na asusun gidaje, 500. Sai harajin albashi, wanda yake farawa daga kashi 10, ya hau 15, 25, har 35 ga manyan masu albashi, a kuma ɗora masa ushirinsa na ƙananan hukumomi. A misalin nan namu, wajen 6,000 za su tsaya a hanya. Mai babban albashi ya fi jin jiki, don ƙarinsa a matakin sama yake faɗawa.

Sai kuma cirewar da ba ta cikin takarda. Kwana 6 na kalando, wato babur ɗin haya, zuwa da dawowa maimakon 5, ga mai ya tashi: litar fetur a gidan mai ta bar 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa 840 a Fabrairun 2024, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, ma ba ta da arahar da aka saba tun da Najeriya ta cire tallafi. Ga cin abincin waje rana da yamma. Ga wanki da gyaran gida da dā kai ke yi ranar Asabar, yanzu sai ka biya. Hutu kuwa babu mai cire masa haraji.

Ni maigadi ne, daga 6 na yamma zuwa 6 na safe nake yi. Wannan lissafin ya shafe ni?

Ya shafe ka, Baba, amma da ɗan bambanci. Ƙa'ida ta ɗauki awa 56 na gadi a matsayin awa 40, bisa hujjar cewa ba duk lokacin ake motsi ba. Dare 6 na awa 12 kuwa 72 ne, ka ga akwai awa 16 a sama da ya kamata a biya daban. Duba kuma ko albashinka ya kai mafi ƙanƙanta da doka ta yanka. Tun Maris 2023, 60,000 ne a kamfanoni masu zaman kansu, 45,000 a harkar noma. Wanda ake ba ƙasa da haka ba zaɓi tsakanin kuɗi da hutu ne a gabansa ba, haƙƙinsa ne bai cika ba, kuma ofishin sufeton aiki na jiharsa ne wurin kai magana.

A wurinka ni zan fi neman dare ɗaya tabbatacce a mako, da wanda zai canje ka, a kan ƙarin 5,000.

Ina da gona a wajen Pitowa. Shin ba gara in karɓi kuɗin in sa 'yan ƙwadago ba?

A nan ne maganar ta fi daɗi, don hutun mutumin arewa ba na kwanciya ba ne. Yawancinmu in mun bar ofis wani aikin muke tafiya.

Ƙwadago ana sayensa, wannan gaskiya ne. Abin da ba a saye shi ne idon mai gona a 'yan kwanakin da suke yanke hukuncin shekara. Ruwa ya sauka sosai a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, shuka ba ta jiran Lahadi. Noman fari in ya wuce lokacinsa ciyawa ta riga ta ci rabon masara. Ranar zuba taki kuwa, duk wanda ya taɓa aika buhu 4 gona daga cikin gari ya san ba lallai ne 4 su shiga ƙasa ba. Mutanen Marwa da Kaele nasu lokacin daban ne, dashen masakwa a karal, wato ƙasar laka, bayan ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba, ga girbi a Fabrairu. Masu albasa su kuma rani ne nasu.

To yi lissafin da buhu. Buhu nawa gonar ke bayarwa in kana tsaye a kai, nawa take bayarwa in a waya kake nomanta? Bambancin nan, kada ka ƙiyasta shi da farashin kaka lokacin da hatsi ya zube. Ƙiyasta shi da farashin Yuli da Agusta, don a lokacin ne za ka shiga kasuwa ka sayi abin da gonar ta kasa ba ka. Sau da yawa za ka ga ƙarin albashin wata 3 ko 4 ya tafi a nan.

Abin da za ka nema wurin maigida shi ne a raba maka hutun. Doka ta yarda a raba, muddin kashi ɗaya ya kai kwana 12 na aiki a jere. Saura 6 ke nan da za ka watsa, in aka ƙara maka wasu kuma duk su shiga nan: 3 na shuka, 2 na taki, sauran na girbi. Ga masu aiki a masana'antar gurzar auduga ta Sodecoton abin ya zo daidai, don aikinsu ya fi zafi da rani, damina kuma da sauƙi. Mai aiki a shagon kayan noma ko wurin sayar da taki shi ne a tsaka mai wuya, lokacin da gonarsa ke kiransa shi ne lokacin da shagon ya cika.

In kuwa gonar 'yar ƙarama ce, ta nishaɗi da gyaɗar yara, kada ka yaudari kanka. Karɓi kuɗin.

An kira ni Duwala, albashin ya ninka na nan. Iyalina suna Marwa.

Ninki ba abin wasa ba ne, kuma da yawa daga gidajen da aka gina a Marwa da Garwa da kuɗin kudu aka gina su. Amma ka cire haya, don ɗaki a Duwala ba ɗakin gidanku ba ne, ka kuma cire tukunya ta biyu, tunda yanzu gida biyu kake ciyarwa.

Sannan ka ƙirga hanya. Daga Duwala sai Yawunde a mota. Daga nan jirgin ƙasa na yamma, a kwana ana tafiya, gari ya waye kana gab da Ngaundere in babu jinkiri. Ka sauko da jaka da ledar tsaraba, idonka da barci, masu ɗaukar kaya da 'yan kamasho na kiran Garwa, Marwa, Kuseri. Ka sami mota, a gangara dutsen Mbe a hankali, Garwa da la'asar, Marwa cikin dare. Kwana 2 ke nan in komai ya tafi daidai. Zuwa da dawowa sun cinye 4 ko 5 daga mako 3 ɗinka, ranar farko a gida kuma barci za ka yi, ta biyu masu sannu da zuwa.

Don haka mai tafiya kudu ya fi kowa buƙatar cinikin kwanaki. Nemi a ƙara maka kwanakin hanya a kan hutun, a rubuce. Ka kuma san cewa in kamfanin ne ya ɗauko ka daga garinku ya kai ka can, doka ta ɗora masa kuɗin tafiyarka da na matarka da ƙananan yaranka, da kuma masauki ko kuɗinsa. In kai ne ka kai kanka Duwala ka nemi aikin a can, wannan bai hau kansa ba. Wurin da aka rubuta a kwantiragi cewa nan aka ɗauke ka yana da nauyi, karanta shi kafin ka sa hannu.

Shawarata kuma ka yanka wa tafiyar wa'adi da manufa: shekara 3, fili da ɗaki biyu, a dawo. Wanda ya tafi babu wa'adi yakan farga ne lokacin da ɗansa ya fara jin kunyarsa kamar baƙo.

Suna, biki da rasuwa, daga hutuna za a cire?

Doka ta ware har kwana 10 a shekara, da albashi, ba a cire su daga hutu, don abin da ya shafi gidan ma'aikaci: aure, haihuwa, rasuwa. Yarjejeniyar sana'a ko ƙa'idar kamfani ce ke fayyace kwana nawa ga kowanne.

Sai dai gidan da doka ke nufi ya fi namu ƙanƙanta. Rasuwar kawun da ya riƙe ka a Gidar, auren 'yar maƙwabcin da kuka yi shekara 20 tare, sadakar uku da ta bakwai, duk ba lallai su shiga ba. Ga suna ranar bakwai yake, kwanakin haihuwa kuwa sukan ƙare kafin nan in ba ka roƙa a jinkirta maka ɗaya ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma kowa ya ga yadda ake karɓar wanda ya aiko da kuɗi ta waya da yadda ake karɓar wanda ya zo ya zauna kan tabarma. Mutumin da shi ne babba a gidansu, wanda komai sai an jira shi, wannan kwanakin da zai iya ɗauka ba shiri sun fi masa ƙarin albashi nesa ba kusa ba. Autan da ke da yayye 5 a gari ba haka lissafinsa yake ba.

Ni mace ce, ina da yara ƙanana. Akwai abin da ya keɓanta da ni?

Akwai, 'yar'uwa, kuma mata da yawa ba sa karɓa don ba a gaya musu ba. Hutun haihuwa mako 14 ne, yana farawa mako 4 kafin lokacin da likita ya ƙiyasta, CNPS ce ke biyan albashin wannan lokacin, kuma ba a korar ki a cikinsa. Bayan kin dawo kina da awa guda a rana ta shayarwa har wata 15 daga haihuwa. Hutunki na shekara kuma ana ƙara masa kwana 2 a kan kowane yaro da bai kai shekara 6 ba, in yana zaune tare da ke kuma yana da takardar haihuwa. Ga wani dalilin yi wa yara takarda da wuri.

Duk wannan sai in an yi miki rajista a CNPS. Shi ya sa aikin 120,000 mai rajista zai iya fin na 150,000 da ake miƙowa a hannu, ga wadda ke sa ran haihuwa. Ga kuma kuɗin yara, 4,500 a wata kan kowane yaro tun 2024.

Game da zaɓin kansa, tambayi kanki wa ke karɓar yaran in an tashi makaranta. In akwai kaka ko ƙanwa a gida, kuɗin zai yi amfani. In babu, tashi da wuri da awa 2 kullum ya fi miki kwana 10 a ƙarshen shekara.

Shekarata 56, saura kaɗan in ajiye aiki. Ba yanzu ne lokacin sassautawa ba?

Jiki zai ce haka, amma a nan kam ina bayan kuɗin, Alhaji. Fanshon CNPS ana samunsa a shekara 60, ga wanda ya yi shekara 20 da rajista ya kuma zuba na wata 180. Ana lissafa shi ne a kan matsakaicin albashin shekara 3 ko 5 na ƙarshe, wanda ya fi maka amfani. Tushensa kashi 30, da ƙarin kashi 1 kan kowace shekara da ta haura watanni 180 ɗin. To ƙarin 50,000 da ya zauna a albashinka na waɗannan shekarun ya zama aƙalla 15,000 a wata har iya rayuwa. Sharaɗi biyu: ƙarin ya shiga albashin da ake cire wa CNPS, ba a saka shi cikin kuɗin sufuri ba, kuma abin da ya haura 750,000 a wata ba a ƙirga shi.

Aikin ƙungiyoyin agaji a Marwa ko Kuseri fa? Suna biya sosai.

Suna biya, kuma da yawansu suna mutunta hutu fiye da 'yan kasuwa. Matsalarsu wa'adi. Kwantiragin wata 6 ko shekara ne, yana rataye da kuɗin mai bayarwa. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na waje a farkon 2025, ayyuka da dama sun rage ma'aikata ba shiri. In ka shiga, raba albashin wata 12 a kan wata 18, ka rayu da wannan adadin.

Ni matashi ne, ƙarfina ƙalau. Yawan aiki zai yi mini wani abu?

Na 'yan shekaru, mai yiwuwa a'a, kuma lokacin tara jari da sadaki ke nan. Amma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike cewa masu yin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35, mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17. Ciwon yakan fito ne bayan shekaru, lokacin da an manta da aikin da ya jawo shi. Ɗora wannan a kan zafin Garwa na Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, ga azumin shekarun nan ya faɗo kusa da shi. Direba da mai aiki da inji su kam ba sai sun jira tsufa ba, gyangyaɗi ɗaya ya isa.

Ba ni da kwantiragi. A shagon Alhaji nake, abokina kuma ɗan kalando ne.

Ku ne mafiya yawa, kuma a wurinku ranar hutu ranar babu ce. Ɗan kalando da ke kai wa mai babur kuɗin yini ya yi ƙoƙari su daidaita a kan kwana 6, na bakwai nasa ne, ko ya huta ko ya yi wa kansa. Ya kuma riƙa ƙirga watansa kwana 26, ba 30 ba, don ranar zazzaɓi da ranar gareji suna nan tafe ko ya so ko bai so ba. Tela ya riga ya san tsarinsa: babu barci daga tsakiyar azumi zuwa daren Salla, bayan nan a miƙe ƙafa. Laifin kawai shi ne kuɗin Salla su ƙare kafin hutun ya ƙare.

Kai kuma yaron shago, abin da ya fi albashi da hutu duka a wurinka shi ne maganar sallama. In zaman na koyon kasuwa ne da alkawarin jari, dogon yini yana da ma'ana, amma a san shekara nawa, a gaban manya biyu. In babu wannan alkawarin, kai ma'aikaci ne, ko da takarda ko babu, kuma hutun mako haƙƙinka ne. Tun 2014 CNPS na karɓar mai zaman kansa ya riƙa zuba wa kansa fansho.

Ina Kuseri, aikin yana Njamena. Dokar ɗaya ce?

A'a, ta Cadi ce za ta hau kanka. Makonsu awa 39 ne, hutu kwana 2 a wata, mafi ƙanƙantar albashi 60,000 tun 2011. Kuɗin ɗaya ne, babu asarar canji. Abin da za ka ƙirga shi ne gadar Ngeli safe da yamma, layi da bincike, da ranar da za a rufe ta kana wancan gefe.

Yaya zan ɗauko maganar da maigida ba tare da ya ga kamar lalaci nake ji ba?

Kada ka shiga da kalmar gajiya. Shiga da tsari, kuma da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka same shi lokacin da ciniki ya lafa, bayan an gaisa ka ce:

"Ranka ya daɗe, na gode da maganar ƙarin nan. Ina roƙon a bar rabinsa, a ba ni kwana 6 a Yuni da 4 a Oktoba. Na yi magana da abokin aikina, zai riƙe wurina, ni kuma in riƙe nasa a Disamba."

Ka ba shi ranaku, ka ba shi wanda zai tsaya, ka kuma rage masa kuɗin da zai fitar. Yawancin masu gida sun fi sauƙin sakin kwana a kan sakin kuɗi, don kwana ba ya fita daga aljihu a ƙarshen wata.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa cin kamfani komai amma suna gyara rayuwa: awa 2 ranar Juma'a don masallaci, shiga da sassafe a tashi da wuri cikin azumi, kwana ɗaya bayan kowace Salla tunda doka rana guda ta bayar. Mai niyyar Hajji shi kuma ya fara magana shekara guda kafin lokaci. Kujera ta haura miliyan 3, tafiyar kuma daga tashi a filin jirgin Garwa zuwa dawowa takan ci wajen wata guda, fiye da kwana 18. Wannan tafiya tana son kuɗin da lokacin duka biyun.

Duk abin da kuka daidaita, a rubuta shi ko da layi 3 ne, da sa hannu. Shugabanni na canzawa, sabon kuma bai san alkawarin baka ba. In wurin na da wakilin ma'aikata, a ba shi kwafi.

Na riga na karɓi aikin mai kuɗi, yanzu na ga ba zan iya ba. Akwai mafita?

In kana cikin lokacin gwaji, kana iya tafiya ba tare da ba da wa'adi ba. In ya wuce, fara da neman a biya maka awannin da suka haura 40, ko a rage su. Riƙe ɗan littafi kana rubuta lokacin shiga da na fita kullum, don shi sufeton aiki zai tambaya in magana ta kai gare shi.

In ajiyewa za ka yi, rubuta takarda ka ba da wa'adi. Ga ma'aikatan rukuni na 1 zuwa na 6, wato ƙananan matakan aiki, kwana 15 ne in ba a cika shekara ba, wata 1 daga shekara 1 zuwa 5, wata 2 in an haura 5. Manyan rukunai nasu ya fi tsawo, har wata 4. Wanda ya fita babu wa'adi ana iya bin sa kuɗin waɗannan kwanakin. Wanda ya ajiye da kansa ba shi da kuɗin sallama irin na wanda aka kora, amma kuɗin hutun da bai ci ba nasa ne, tare da takardar shaidar aiki. In kwantiragin mai ƙayyadadden wa'adi ne, ba a fita kafin lokaci sai da yardar ɓangarorin biyu a rubuce ko wani babban dalili, don haka duba wane iri ka sa wa hannu kafin ka kai takardar.